Ƙodar Yaya

Tun ranar da likitoci suka ciro ƙodar Yaya ta hagu suka dasa ta a cikin ƙaninta, Auta bai sake zama mai iko da cikinsa ba. An sallamo shi daga asibiti da ɗinki a gefen mara, da leda cike da magunguna, da kuma Yaya a kujerar gaba, dafe da nata ɗinkin, tana nuna wa direba inda ramuka suke. Ta ce za ta zauna a gidansa har ƙodar ta saba da wuri. Ba ta faɗi yadda ake gane ƙoda ta saba ba, babu kuma wanda ya ga fuskar tambaya.

Auta ya haura hamsin. Gashin kansa ya daɗe da yin ƙaura, yana da shagon kifin ado a layin masu sayar da tsuntsaye da tukwanen fure, kuma a layin nan in ana gardama shi ake kira ya raba. Amma har gobe in Yaya ta ce "nuna hannu", sai ya ga yatsunsa goma sun miƙe da kansu, farce a sama. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, sannan ta koyar da darasin kiwon lafiya a firamare har ta yi ritaya, tana duba farce da bayan kunne da wuyan riga. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ba a dai taɓa jin yaron da aka tambaya abin da ya gano a saman rimin ba.

Kowace safiya Yaya takan sa shi ya ɗaga riga, ta ƙwanƙwasa gefen ɗinkin da ɗan yatsa kamar mai sallama a ƙofa.

"Kin kwana lafiya? Yana ba ki ruwa kuwa?"

"Ina ba ta, Yaya."

"Ba da kai nake ba."

Matar Auta, wadda Yaya ke kira Amarya duk da 'ya'yanta sun yi aure sun bar gida, tela ce, kekenta na kusurwar falo. Da an fara wannan gaisuwa sai ta taka keken da ƙarfi, ko da babu ƙyalle a ƙarƙashin allura, don ƙarar ta rufe dariyarta.

Likitar dashe, wata matashiya mai tabarau da saurin magana, ta yi musu bayani tun kafin sallama. Jikin mutum ba ya son baƙo, in ji ta, garkuwar jiki za ta ɗauki sabuwar ƙodar a matsayin ɓarawo ta far mata. Don haka Auta zai riƙa shan maganin da ke kwantar da garkuwar, safe da yamma, iya rayuwarsa, babu fashi. Tunda masu gadi sun yi sanyi, sai ya kiyayi ƙwayoyin cuta: wanke hannu, dafaffen abinci, kuma kada ya ƙara tsoma hannu a ruwan kifi. Kada ya sha wani magani sai ta sani. Ta ƙara da cewa maganin kan tayar wa wasu da suga, saboda haka za ta riƙa aunawa, don ciwon suga in ya zauna, ƙoda yake fara ci.

Auta wannan na ƙarshen ya riƙe, domin ciwon suga ne ya ci mahaifinsu, daga yatsan ƙafa har gwiwa. Ba mutuwar ce ta fi ba shi tsoro ba. Tsoronsa shi ne a ba shi ƙodar Yaya lafiya lau, shi kuma ya lalata ta. Yaya kuwa kalma biyu ta ɗauka, ƙwayoyin cuta, ta ji su kamar tsohon soja ya ji ƙaho.

Ta tafasa cokula. Ta tafasa buroshin haƙori har gashinsa ya kwanta. Ta goge mariƙin ƙofa, da makunnin fitila, da wayar Auta, da baƙon da ya zo dubiya in ya tsaya kusa. Sannan ta ciro gwangwanin.

Tsohon gwangwanin biskit ne, zanen jikinsa ya koɗe, gadon mahaifiyarsu. A danginsu akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba: duk wanda aka ba kafso a asibiti, in ya ji sauƙi, sai ya kawo saura a zuba a gwangwani, domin zubar da magani almubazzaranci ne. Da gwangwanin ya dawo hannun Yaya sai ya bunƙasa. Akwai mai ja da rawaya, akwai fari dogo, akwai wanda sunansa ya goge har sai an karkata shi a rana. Duk maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, na haƙorin ƙanwar kaka, na kunnen jika, na ƙurjin suruki. Auta ya yi atishawa, kafso biyu. Ya gyara murya, biyu. Ran da ya sosa ƙeya yana tunani, Yaya ta tsaya tana kallonsa da hannu a kan murfi.

Sau ɗaya ya gwada.

"Yaya, ai likita ta ce kada in sha komai sai ta sani."

"Likita ce ta ba ka ƙodar?"

Ya haɗiye kafson, ya haɗiye sauran maganar.

A falon akwai akwatin gilashi, a cikinsa wani jan kifi tsoho, mai tumbi da tafiyar ƙasaita, wanda Amarya ta sa wa suna Ciyaman saboda ba ya komai sai zagaye da buɗe baki. Tunda an hana Auta taɓa ruwan, Yaya ta karɓi aikin. Ranar farko ta buɗe matatar da ke tsotsar ruwan tana mayarwa, ta ga soson da ke ciki ya yi baƙi-baƙi da yauƙi, ta riƙe shi da yatsa biyu nesa da jikinta.

"A gidan mai sabuwar ƙoda ake ajiye wannan?"

Ta wanke shi da sabulu, ta zuba masa tafasasshen ruwa, ya fito fes kamar sabo. Haka ta riƙa yi kowane mako.

Auta ya san abin da zai biyo baya. Shi ne abu na farko da yake gaya wa duk mai sayen kifi, kafin ma ya ɗaure bakin leda: kada ka wanke soson nan fes. Yauƙin nan wasu 'yan halittu ne da ido ba ya gani, su ke cinye gubar kashin kifin. Ka matse soson a tsohon ruwan akwatin ka mayar, shi ke nan. Ya gaya wa alƙalai, ya gaya wa matan manya, har tsawa ya taɓa yi wa wani mai sanƙo irin nasa. Yaya kuwa, da ya ce, "Akwai ma'aikata a cikin soson," sai ta ce, "Datti ne ka ɗauka aiki?" Magana ta mutu a nan.

Ba a daɗe ba ruwan ya fara yin hazo. Ciyaman ya daina zagaye, ya koma sama yana haki, ya ɗan karkace kamar motar da ta yi faci. Yaya ta ce alamar soson na bukatar ƙarin tafasa ne.

Shi ma Auta ya fara karkacewa. Cikinsa na kumburi yana ƙugi, yana yawan zawo. Ƙishirwa ta addabe shi, yana sha yana zagayawa, har tabarmar ƙofar banɗaki ta san sawunsa.

"Ka gani?" in ji Yaya, tana jin ƙarar ruwa daga falo. "Ƙodata ba ta da ƙiwa. Tun tana wurina haka take."

Zawon kuma ta ba shi fari dogo.

Ranar komawa asibiti Yaya ta shiga ɗakin likita kafin shi, ta zauna a kujerar marar lafiya, shi ya samu ta gefe. Likita ta duba sakamakon jini a kwamfuta, ta cire tabarau ta mayar.

"Ƙodar na aiki," ta ce.

"Na sani," in ji Yaya.

"Amma suga ya hau. Ciwon bai shiga ɗaki ba tukuna, sai dai yana bakin ƙofa, ya cire takalmi. Kuma maganin dashen ya taru a jininka fiye da yadda na auna maka. Baba, kana shan wani abu bayan nawa?"

Auta ya dubi kalandar bango. Hoton wani tafki ne, ya ga ruwansa garau, ya yi tunanin ko wa ke wanke masa soso.

"Yana sha mana," in ji Yaya. Ta zuge jaka, ta ɗora gwangwanin a kan tebur, ta buɗe da alfaharin mai nuna kayan ɗakin 'yarta. "Da kika ce a yaƙi ƙwayoyin cuta, da me kika zaci za a yaƙe su, da addu'ar bakin ƙofa?"

Likita ta leƙa ciki. Ta ɗauko wani ta karanta, ta ɗauko wani ta karkata shi wajen taga.

"Mama, wannan ya girme ni a aiki."

"Magani ba ya tsufa a wurin mai adana shi."

"Yana tsufa. Wannan kuma," ta ɗaga fari dogon, "irinsa na hana jiki fitar da maganin dashe, shi ya sa ya taru. Amma bari in faɗa miki wani abu. A hanjin Baba akwai ƙwayoyin halitta da ba su ƙirguwa."

"Har yanzu? Duk abin da na ba shi?"

"Kowa na da su, har ke."

"Ban da ni."

"Har ke, Mama. Kuma yawancinsu ba cuta ba ne, ma'aikata ne. Su ke cin ɓangaren wake da ganye da mu ba ma iya narkarwa, su fitar da abubuwan da ke gyara bangon hanji, su taimaki jiki wurin sarrafa suga. Maganin dashe da kansa yana hargitsa su. Kafso kuma ba ya tambayar waye ɓarawo waye mai shara, duk wanda ya tarar sharewa yake yi."

Da jin kalmar ma'aikata, Auta ya ji wani abu ya motsa masa a ciki, wanda ba kumburi ba. Bai kalli Yaya ba.

Yaya ta gyara zama irin na malamar da ɗalibi ya kawo wa amsa da sauri.

"'Yata, a cikin abin da kika faɗa, wanne kika tabbatar, wanne kike zato?"

Likita ta yi murmushi, don ba kullum ake mata wannan tambayar ba.

"Cewa maganin dashe na iya tayar da suga, wannan tabbas ne, mun daɗe da sani. Cewa kafso na share mutanen hanji, shi ma tabbas ne. Amma nawa ne rabon sharewar a hawan sugan mutum, ana kan bincike. An ga alamu a mutane, an fi gani a ɓeraye."

"Ɓeraye," in ji Yaya, ta mayar da murfin gwangwanin.

Likita ta ce kada a ƙara taɓa kafso sai ita ta rubuta, kuma in Auta ya yi zazzaɓi a kawo shi, ba a buɗe gwangwani ba. Za ta sake auna jinin bayan na gwangwani ya fita, ta gyara ma'aunin nata maganin a hankali, amma kada ya tsallake ko sau ɗaya. Ya ci wake da ganye da hatsin da ba a cire wa dusa ba, ya riƙa tafiya. Ta miƙa hannu ga gwangwanin. Yaya ta riga ta zuge jaka.

A hanyar gida Auta ya ce wa direba ya bi ta layin shagonsa. Ya kira Amarya a waya, ta same su a can, ya nuna mata akwatin da ya fi kowanne daɗewa. Ta sa hannu ta ciro soson matatar, baƙi ƙirin, yana ɗigar yauƙi, ta saka a leda da ruwansa. Yaya na mota tana kallo ta gilashi.

Amarya ta saka soson a matatar Ciyaman, ta rage tsohon ruwan ta ƙara wanda ya kwana a bokiti, sannan ta wanke hannu har gwiwar hannu a gaban Yaya, don a zauna lafiya.

Da lokacin maganin yamma ya yi, Auta ya je kan firij inda ledar ke zama. Babu leda. Ya duba bayan firij, ya duba aljihun tebur. Da ya dawo falo sai ya tarar da Yaya zaune a tsakiyar doguwar kujera, jakarta a cinya, hannu biyu a kanta, jakar ta yi ciki.

"Yaya, ledar magani."

"Zauna. Ai da kunnenka ka ji. Nata maganin, tabbas yana kawo suga, da bakinta ta faɗa. Nawa kuwa, sai an tambayi ɓera. To wa ya kamata a fara kora, mai tabbas ko mai zato? Mu huta da nata kwana biyu mu ga yadda sugan zai yi."

Keken Amarya ya tsaya.

Abin haushin shi ne lissafin Yaya bai da rami a inda take kallo. Ramin yana inda ba ta kalla ba, kuma Auta ya san shi: in ya bar maganin, masu gadin jikinsa za su farka su tarar da baƙuwa a gida, kuma ba za su tambayi ƙodar waye ba.

"Ba a tsallakewa, Yaya. Jikina zai kore ta."

"Ƙodata? Wane jiki?"

"Nawa. Bai san ki ba."

"Ni na goya jikin nan."

"Bayanki ya sani, bai san ƙodarki ba."

Yaya ta ƙara matse jakar. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Kai kana makaranta lokacin. Ni na wanke ƙafar Babanmu kullum har ranar da aka yanke ta. Ba zan ba ka da hannuna abin da aka ce yana kawo wannan ba."

Auta ya zauna a gefenta. Bai taɓa jin ta ambaci ƙafar ba. Ya ga ashe duk tafashe-tafashen nan, da cokula da buroshi da soso, ƙafa ɗaya ake ta wankewa. Tausayi ya kama shi, kuma tausayi ne hanyar da a'a ɗinsa ke bi ta gudu tun yana yaro. Ya ji a'a ɗin tana tattara kaya.

"Sugan ana iya lallashinsa," ya ce. "Likita za ta rage, ni zan ci wake har in gaji, zan yi tafiya. In ma ya shigo, akwai maganinsa. Ƙodar in ta tafi, ba ki da ta uku."

"Kai dai ka cika tsoro. Gumi ma kake yi. Nuna hannu."

Hannun ya miƙe da kansa kamar kullum, farce a sama. Auta ya dube shi, hannun dattijo mai jijiyoyi. Sai ya juya shi, tafi a sama.

"Ba ni maganina, Yaya."

"Auta."

"A'a, Yaya. Ki gaya mini abu ɗaya. Kyauta kika ba ni, ko aro? In aro ne, gobe mu koma su cire miki abinki tun tana da lafiya. In kyauta ce, ni zan kula da ita, kuma lokacin maganinta ya wuce."

Amarya ta sunkuya tana neman allurar da ba ta faɗi ba. Yaya ta dubi tafin hannun, ta dubi fuskar mai shi, ta daɗe tana dubawa kamar mai neman inda aka yi kuskure a jarrabawa. Daga nan ta zuge jaka, ta ciro ledar, ta ɗora masa a hannu.

"Amarya, kawo masa ruwa. Tafasasshe."

Ya sha. Tana kallon maƙogwaronsa har maganin ya wuce.

"Wannan taurin kan ba naka ba ne," ta ce. "Tun da aka haife ka ba ka da shi. Nawa ne." Ta miƙa yatsa ta ƙwanƙwasa gefen ɗinkin. "Ashe kin saba."

Gwangwanin bai bar hannunta a ranar ba, sai da Ciyaman ya miƙe. Ta riƙa tsayawa gaban akwatin kowace safiya da hannu a ƙugu, tana kallon hazo na washewa a kan baƙin soson da ta rantse zai kashe kifin. Ran da ya koma zagayensa na ƙasaita, ta ce ita ba ta yarda da shaidar ɓera ba, amma kifi a gabanta aka yi. Ta kai kafson kantin maganin asibiti ta juye musu a kan teburinsu, ta dawo da gwangwaninta, don shi ne gadon. Yanzu wake ake zubawa a ciki.

Sugan ya ja da baya, ko da yake bai tafi da takalminsa ba, likita na ci gaba da leƙa shi. Da Yaya ta tambaye ta wanne ya yi aikin, rage maganin ko barin kafso ko wake ko tafiya, likita ta ce ba ta sani ba. Yaya ta ce wannan yarinyar za ta yi nisa.

Ta koma gidanta, amma takan zo da hantsi ta fitar da Auta tafiya, tana gaba yana baya. Kafin su fita sai ya ɗaga riga. Takan gaida ƙodar a taƙaice, kamar 'yar da ta zauna lafiya a ɗakinta, sannan ta matsa yatsa zuwa cibiya ta ƙwanƙwasa.

"Ku kuma na ƙasa, an ba ku ganye jiya?"

"An ba su, Yaya."

"Ba da kai nake ba."

Amarya ta taka keke.